Finjali Mai Ɗigon Ja

Tun da Najwa take zuwa gidan Hajja Ummusalama ba a taɓa ware mata finjali ba, sai ranar nan.

Hantsi ne, mata sun taru a ƙarƙashin rumfa ana shan jabana, gahawar nan mai citta da ake dafawa a ɗan tulun ƙasa. Turaren wuta na tashi, hira na gudana. Nada, autar Hajja, ita ke zagayawa da faranti. Finjalai farare a jere, duk iri ɗaya, amma guda ɗaya an ture shi can gefe, an ɗiga masa jan farce a ciki.

Najwa ta kai hannu za ta ɗauki na kusa da ita, sai Hajja ta yi gyaran murya.

"Ba wannan ba, 'yar nan. Ga naki can mai alama."

Hira ta tsaya cak. Matan da yanzun nan suke gardama a kan farashin riɗi duk suka zama kurame, kowace ta sami abin kallo a cikin kofinta. Najwa ta dubi Nada, yarinyar ta sunkuyar da kai.

"Hajja, wani abu na yi?"

"Ni ban ce kin yi komai ba. Gidana dai akwai 'yan mata da jikoki. Kuma ki faɗa wa gwaggonki Fatna, maganar auren da muka fara a kanki da ɗana Hafizu a dakata da ita. Khalas, shi ke nan."

Najwa ba ta sha ba. Ta gyara tobinta, dogon mayafin nan na matan Sudan, ta fita, ba ta yarda hawaye ya zubo ba sai da ta shiga raksha, babur ɗin haya mai ƙafa uku.

Bazawara ce, shekarunta ba su da yawa amma ta ga abin gani. A garin Madani na Sudan aka haife ta, a can ta yi aure, a can aka sake ta. Da yaƙi ya iso garin a ƙarshen 2023 ta gudo Gadarif da kayan jikinta, ta sauka wurin gwaggonta Fatna, tana yi wa amare lalle tana rufa wa kanta asiri. A nan Hafizu ya gan ta. Direban tarakta ne a gonakin Fashaga, dogo, mai sanyin hali har ya yi yawa, kuma wannan sanyin ne ya kusa kashe ta.

Da la'asar ya iso gidan Fatna, ƙurar gona ba ta bar gashin girarsa ba. Ya tarar da ita zaune a bakin gado a tsakar gida, idanu sun kumbura.

"Najwa, na ji abin da Yumma ta yi. Ma'alesh, yi haƙuri don Allah," in ji shi. Yumma yake kiran mahaifiyarsa.

"Wa ya faɗa mata?"

Ya nemi wuri ya zauna.

"Hafizu, mutum uku ne suka san ciwona a garin nan. Ni, da kai, da Dakta Asia. Wa ya faɗa mata?"

"Akwai na huɗu," ya ce a hankali. "Haitham."

Haitham tsohon mijinta ne. Ta san ya gudo Gadarif shi ma, ta san ya zama dillalin riɗi a kasuwar amfanin gona, har ya sayi mota. Sau biyu yana aiko mata wai ta koma, sau biyu tana mayar da ɗan aiken da kunya. Ashe bai haƙura ba.

"Ya je har gida," Hafizu ya ci gaba, "ya ce wa Yumma shi ya aure ki a Madani, ya gano kina da ciwon ɓoye, shi ya sa ya sake ki. Wai Allah ne ya tsare shi. Har sakamakon gwajin aure ya nuna mata, ya ce ga shi lafiyarsa ƙalau."

"Me ya kai shi yin gwajin aure?"

Hafizu ya kasa ɗaga ido.

"Nada yake nema. An ba shi. Ranar Juma'a za a kawo shela."

Shela ita ce kayan da dangin ango ke kaiwa gidan amarya, tufafi da turare da kayan abinci, unguwa ta taru ta gani. In aka karɓi shela, saura ɗaurin aure kawai.

Najwa ta yi wata dariya marar daɗi.

"Ƙanwarka? Nada da ke kawo mini kisra, wainar dawar nan, a ɓoye ranar da ba ni da lafiya? Kai kuma me ka ce?"

"Na ce wa Yumma ƙarya yake yi."

"Ƙarya yake yi a me?"

"Na ce… na ce ba ki da komai."

Nan ne ta ji abin ya soke ta fiye da finjalin. Wannan mutumin fa, tun ranar da ya ce yana sonta ta zaunar da shi ta faɗa masa gaskiya, tana kuka kamar ranta zai fita, tana jiran ya tashi ya tafi. Bai tafi ba. Shi da kansa ya raka ta wurin Dakta Asia, ya zauna ya ji komai da kunnensa.

Likitar ba ta ɓoye musu komai ba. Ta ce sunansa herbis, ƙananan ƙuraje ne masu ruwa da ke fitowa a al'aura, su yi zafi, su warke, su sake dawowa wani lokaci. Ba ya fita daga jiki, amma ba ya hana mutum rayuwa, ba ya hana haihuwa, in dai mace ta sanar da likita tun da ciki don a kare jariri. Ta wurin kwanciyar aure ake ɗauka, fata da fata, wani lokaci ma ba tare da an ga ƙurji ko ɗaya ba. Akwai ƙwayar da ke rage tashinsa, ta kuma rage haɗarin shafa wa abokin zama, ga kororon roba, ga ƙaurace wa juna in ya tashi. Haɗarin yana raguwa sosai amma ba ya ƙarewa ɗungum. Ta dubi Hafizu ta ce, "Ka je ka yi tunani." Ya ce ya riga ya gama tunaninsa.

Yau ga shi a gabanta, ya je ya yi musun ta a gaban uwarsa.

"Ka ji kunyata, Hafizu."

"Wallahi ba kunya ba ce, tsoro ne! Kin san Yumma. In na ce e gaskiya ne, shi ke nan, ta rufe ƙofa har abada. Amma in muka yi shiru, maganar za ta mutu. Bayan girbi zan lallaɓa ta. Ki yi haƙuri, ki bar ni da ita."

"Nada fa?"

"Zan san yadda zan yi."

"Yaya za ka yi? In ka ce Haitham na da ciwon, za a tambaye ka ina ka sani. Amsar ita ce ni. Ba za ka iya tona shi ba sai ka tona ni, kai kuma ka riga ka rantse ba ni da komai. Ya ɗaure ka, ya zol, bawan Allah, kai da bakinka ka miƙa masa igiyar."

Hawaye ya cika idon Hafizu.

"Ba na son in rasa ki, Najwa. In kika buɗe baki, Yumma ba za ta taɓa yarda ba. Ki rufa mana asiri."

"Ni budurwa na shiga ɗakin Haitham," ta ce. "Ban san kowa ba sai shi. Ba mu yi nisa da biki ba na kwanta ina ihu, ko fitsari ba na iya yi sai da kuka. Ya ce zafin turaren tsuguno ne ya ƙona ni. Da likita ya ɗebi ruwan ƙurjin ya gwada ya faɗi sunan ciwon, sai mutumin nan ya dube ni a gaban mahaifiyata ya ce in faɗi inda na samo. Mahaifiyata ta mutu a hanyar Sinnar wajen gudun yaƙi tana zargina, Hafizu. Ta mutu ba ta san gaskiya ba! Yanzu ya biyo ni nan ya raba ni da kai, ya kuma shimfiɗa wa Nada irin gadon da ya shimfiɗa mini, kana ce mini in rufa asiri?"

"Najwa…"

"Tashi ka tafi. Ka gai da Hajja."

Kwanakin da suka rage ba ta yi wa kowa lalle ba. Gwaggo Fatna ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta ce mace ba ta tallar ciwonta a bainar jama'a, in ta yi ba Hafizu kaɗai ba, ko tsoho marar haƙori ba zai ƙara kallonta ba. Najwa ta ji duk, kuma ta san gaskiya ce. Shiru ne kaɗai hanyar da ta rage mata zuwa ɗakin Hafizu.

Amma kada a yi mata ƙaryar waliyyanci. Tana tausayin Nada, wannan haka ne. Sai dai abin da ke hana ta cin abinci ba tausayi ba ne. So take ta ga fuskar Haitham ta zube a ƙasa a gaban mutane, yadda ya zubar da tata. Ta yi alkawari ko da aurenta da Hafizu ne kuɗin wannan kallo, ta saya.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ta ɗaura tobinta mafi kyau, ta sa kwalli, ta ƙulle wani abu a bakin mayafin, ta tafi.

Gidan Hajja ya cika maƙil. Akwatuna a buɗe a kan tabarma, tobobi kala-kala, takalma, kwalaben turare, itacen sandal, ga buhunan sukari da garwar mai a jingine. Mata sai guɗa suke yi, ana ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya ana yabon ango. Nada na zaune a ƙuryar rumfa, lulluɓe.

Da Najwa ta yi sallama, guɗar ta mutu a maƙogwaron masu yinta.

Hajja ta haɗe rai, amma baƙo baƙo ne, ba a korarsa ranar farin ciki. Ta yi wa wata yarinya nuni da ido. Ba a jima ba aka ajiye wa Najwa jabana a gabanta, cikin finjali mai ɗigon ja. Wata daga dangin ango ta ja tabarmarta baya.

Najwa ta zauna tana jira. Ta san shi. Haitham ba zai iya bari a yabe shi a bayan idonsa ba. Shi ya tuƙo matan a motarsa, kuma dole ya leƙo gai da suruka don a ga sabuwar jallabiyarsa.

Ai kuwa sai ga shi, Hafizu na biye da shi ɗauke da akwati na ƙarshe. Ya durƙusa gaban Hajja yana murmushi, ƙamshi na tashi. Da idonsa ya faɗa kan Najwa murmushin ya ɗan karkace, sannan ya gyara shi.

Ta miƙe tsaye.

"Hajja, ku gafarce ni, magana gare ni, kuma a gaban kowa nake so in yi ta."

"Najwa, don Allah," in ji Hafizu.

Ko kallonsa ba ta yi ba.

"Abin da aka faɗa muku a kaina gaskiya ne. Ina da ciwon. Sunansa herbis, kuma ina shan magani."

Salati ya ɓarke. Wata tsohuwa ta janye jikarta. Hajja ta dubi ɗanta da wani irin kallo, sannan ta ce, "To, kun ji da bakinta. Allah ya saka wa Haitham da alheri."

"Amin," in ji Najwa. "Allah ya saka masa da daidai abin da ya yi. Hajja, kun ware mini finjali. Ciwon da ke jikina ba ya bin finjali, ba ya bin tabarma, ba ya bin gaisuwa. Ku je ku tambayi kowane likita a garin nan. Shimfiɗar aure yake bi. Ni shimfiɗa ɗaya na taɓa sani a duniya, kuma ita ce kuke shirin kai Nada."

Haitham ya yi dariya, ya juya ga matan yana buɗe hannuwa.

"Kun ga abin da nake faɗa? Baƙin ciki ne. Hajja ta ga sakamakon gwajina da idonta."

"Ta gani. Gwajin da ka yi na ƙanjamau ne da ciwon hanta da jinin sikila. Herbis ba ya ciki, sai mutum ya ambaci sunansa ya ce a duba. Ka san haka sarai, shi ya sa ka tafi da ƙarfin gwiwa. In kana da gaskiya, gobe Hafizu ya raka ka, ka ce a gwada jininka a kan wannan."

"Ni ba mahaukaciya ce za ta aike ni asibiti ba."

"To bar asibiti, ya yi nisa. Ciro gwangwanin da ke aljihunka na dama."

Hannunsa ya kai kan aljihun kafin ya ankara. Kowa ya gani.

Ƙaramin gwangwani ne irin wanda maza ke zuba tumbak, garin tabar da ake cusawa a leɓe. Rabin mazan kasuwa suna yawo da irinsa, ba mai tambayar abin da ke ciki. Najwa ma ba ta taɓa tambaya ba, sai ranar da take haɗa kayanta bayan saki ya faɗo daga aljihun rigarsa ya buɗe.

"Tumbak ne," ya ce da sauri. "Ba na buɗe tumbak a gaban surukai, ina da kunya."

Sai aka ji wata siririyar murya daga ƙuryar rumfa.

"Ka rantse mini da Allah ba ka taɓa sa tumbak a bakinka ba."

Nada ce. Ta yaye lulluɓin, ta taso har gabansa.

"Ka ce ƙazanta ce. Ka nuna mini haƙoranka. To ko ka yi mini ƙarya a wancan, ko kana yi yanzu. Buɗe."

"Nada, ke ma biye mata za ki yi?"

"Yaya Hafizu, karɓo mini."

Hafizu ya dire akwatin. Sanyin halin nan nasa ba a san inda ya tafi ba ranar. Ya damƙe hannun Haitham da hannun da ya saba murɗa sitiyarin tarakta, ya zaro gwangwanin, ya buɗe a kan farantin jabana. Ba garin taba ko ƙyas. Ƙwayoyi ne, an yanka takardarsu ƙanana don su shiga.

Najwa ta kwance bakin mayafinta, ta ciro nata maganin, ta ajiye kusa da nasa. Launi ɗaya, rubutu ɗaya.

"Tun kafin ya aure ni yake sha," ta ce. "Mai kantin maganin unguwarmu a Madani ya san shi da shi. Haitham, ban tsane ka don kana da ciwo ba, ni ma ga ni da shi, kuma mutane da yawa suna ɗauke da shi ba su ma sani ba. Kai ka sani. Da ka faɗa mini, da wataƙila na zauna da kai, mu kiyaye. Sai ka ɓoye, ka shafa mini, ka kuma tsaya gaban uwata ka kira ni 'yar iska. Yau ga uwar wata, maimaita."

Gumi ya jiƙa wuyan sabuwar jallabiyar. Ya juya ya fita, har yana tuntuɓe da buhun sukari, ya bar danginsa zaune da akwatuna a buɗe.

Najwa ta bi bayansa da kallo har ya ɓace. Ta ji daɗi, babu amfanin ɓoyewa, daɗin da ta shekara biyu tana jira. Amma bai kai ko'ina ba ya fara hucewa, domin Hajja ta miƙe.

"Ku rufe kayanku ku kwashe," ta ce wa dangin ango. "Ba mu karɓa ba."

Nada ta faɗa jikin Najwa tana kuka. Hajja ta zo ta janye 'yarta a hankali, ta mayar da ita bayanta. Idanunta sun yi ja.

"Najwa, kin ceci 'yata. Har in mutu ba zan manta ba, kuma na roƙe ki gafarar abin da na zarge ki da shi. Amma ni uwa ce. Abin da na hana ya sami Nada ba zan buɗe masa ƙofa ya sami Hafizu ba. Ki yi haƙuri. Ɗana ba zai aure ki ba."

Najwa ta gyaɗa kai. Ta san da haka tun daga gida. Ta sunkuya ta ɗauki maganinta, hawayen da ta riƙe tun shigowarta ya sauko, ta juya za ta fita.

"Tsaya."

Hafizu ne. Ya durƙusa a gaban uwarsa.

"Yumma, ƙarya na yi miki da na ce ba ta da komai. Na sani tun ranar farko, ita ta faɗa mini da bakinta, ba wanda ya tilasta ta. Ni na raka ta wurin likita. An gaya mini yadda za mu kiyaye, an kuma gaya mini duk da haka zan iya ɗauka. Na ji, na yarda. Haitham bai ba Nada zaɓi ba. Ni an ba ni."

"Rufe mini baki, Hafizu."

Ya miƙa hannu kan tabarma ya ɗauki finjali mai ɗigon ja. Jabanar ta huce, ba wanda ya taɓa ta.

"Ajiye shi," in ji Hajja. "Na san ciwon ba ya bin finjali, na ji. Amma na san abin da kake nufi. Wallahi in ka kai shi bakinka a gaban mutanen nan, ka zaɓa ke nan. Ka bi ta, kada ka dawo mini gida."

"Hafizu, ajiye," Najwa ta ce cikin kuka. "Uwa ce. Ni na rasa tawa, na san abin da nake faɗa maka. Ajiye, na yafe maka."

Ya dubi uwarsa, hawaye na bin fuskarsa. Ya dubi Najwa.

"Sau ɗaya na yi musun ki," ya ce. "Ya isa."

Ya ɗaga finjalin ya shanye har da guggubin.